An Tauye Mini Mudu

Shekara arba'in da ɗoriya Baba ya yi yana awon hatsi. Daga ƙauyenmu a ƙasar 'Yankwashi yake fita da tiyarsa a hammata, ya ci kasuwannin yankin nan tun daga Kazaure har Babura: gero, dawa, wake, gyaɗa, da riɗi in kakarsa ta zo. Da hannunsa aka san shi. In ya tsoma tiya a buhu ya ɗago ta, sai ta yi tsororo, ya riƙe ta a sama yana jiran mai saye ya buɗe bakin buhunsa, ƙwaya ɗaya ba za ta faɗi ba. Muna yara mukan tsaya kallonsa kamar masu kallon dabo.

A kakar 2017 gero ya fara zuba. Kafin nan ma an ga alama, ba a dai kula ba. In ya zauna a dakali bayan la'asar ya ɗora hannun dama a gwiwa, sai babban yatsa da manuni su shiga murza juna, ka ce carbi yake ja, alhali carbin yana aljihu. In ya miƙa hannun zai ɗauki abu sai rawar ta tsaya. Amma in ya riƙe tiya a sama mai saye ya yi nawa, sai ta dawo, tsororon ya rushe. Goggo ta ce sanyi ne. Abokan kasuwa suka ce hannu aka sa masa, har aka riƙa kallon wani ma'auni a kaikaice, bawan Allah bai ci ba bai sha ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi. Ni da nake koyarwa a Kazaure ina taƙama da boko na ce tsufa ne. Duk cikinmu ba wanda ya fi wani kusa da gaskiya.

Maganin asibiti na farko da ya shiga bakinsa, ba asibiti ne ya rubuta ba. Wani yaro mai kemis ne ya ga hannun ya ce ai yana da maganin karkarwa. Ƙwaya ce 'yar mitsitsiya mai miligiram 5, ga araha. Ita ce samari ke kira Exol, wadda hukumar NDLEA ke kamawa katan-katan a hanyoyin Arewa saboda masu shan ta don maye. Asalinta kuwa maganin wannan ciwon ce, sunanta benzekzol, kuma tsohon magani ne da likitoci suka daɗe suna bayarwa. Cikin mako guda rawar hannun ta lafa. Muka yi ta hamdala. Na tuna har na yi wa Yaya waya a Kano na ce, "Baba fa ya warke."

Sai ga biyan bashi. Bakinsa ya bushe ƙamas, goro ma ya gagare shi tauna. Ya kan yi kwana biyar, shida, bai zaga ba. Mutumin da yake lissafin buhu talatin da ka, ya koma in ya ƙirga tiya bakwai sai ya tambayi yaron da ke riƙe buhu, "Nawa muka yi?" A salla ya fara ruɗewa da raka'o'i. Wani dare ya ta da Inna yana tambayar su wane ne baƙin da ke zaune a kan buhuna ba a kai musu ruwa ba. Duk wannan muka jingina shi ga tsufa, muka ci gaba da sayen ƙwayar, tunda hannu ya daina rawa, kuma hannu shi mutane ke gani.

Fitsari ne ya tona asirin. Wani dare a farkon 2019 ya ƙi fita sam, mararsa ta kumbura, muka ɗauke shi a mota zuwa asibiti a Kazaure aka sa masa roba. Likitan da ke aiki a daren ya ce a nuna masa duk abin da yake sha. Da ya ga katin ƙwayar sai ya girgiza kai, ya ce wannan ba ta tsoho mai shekara saba'in ba ce: tana busar da baki, ta ɗaure ciki, ta riƙe fitsari, ta dagula tunani. Ya ce kada mu yanke ta lokaci guda, a riƙa ragewa sannu a hankali, ya kuma rubuta mana takarda zuwa wurin likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Da asuba muka bi ta Ɗambatta muka shiga Kano. Likitan bai sa an ɗebi jini ba tukuna, kallo ya fara yi. Ya sa Baba ya yi tafiya a baranda ya dawo, yana duban hannun daman da ba ya lilo. Ya sa shi ya riƙa haɗa babban yatsa da manuni da sauri, muka ga yadda buɗewar ke ƙanƙancewa har ta tsaya. Ya lanƙwasa masa gwiwar hannu yana sauraren taurin. Sannan ya ce cutar Parkinson ce, sunan wani likitan Landan da ya fara bayyana ta a rubuce a 1817. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da ke samar da sinadarin dofamin, wanda ke sa motsi ya tafi sumul. Ƙwayoyin wurin ne ke mutuwa a hankali. Ba a warkewa, amma akwai maganin da ke cike giɓin. Ya tambayi Baba ko ya san Muhammad Ali ɗan dambe. Baba, da ya saurari damben Kinshasa na 1974 a rediyo, ya ɗago kai. Likita ya ce ai irin ciwonsa ne. Baba ya ce, da 'yar muryar nan tasa da ta fara shaƙewa, "Ashe ciwon manya ne ya same ni."

Maganin shi ne lebodofa haɗe da kabidofa, wanda aka fi sani da sunan Sinemet, ko da yake namu yawanci na kamfanonin Indiya ne. Rabin ƙwaya, sau uku a rana. A mako na biyu na zo gida ranar Juma'a, idona a kan hannunsa. Yana rawa, kaɗan dai ta ragu. Na ce wa Inna, "Anya maganin nan yana yi kuwa?" Ta dube ni ta ce, "Daren jiya da kansa ya juya a kan gado. Yau da kansa ya ɗaure mazagin wandonsa." A ranar na san cewa kusan shekara guda ita ke tashi sau uku, sau huɗu cikin dare tana juya shi, domin jikinsa kan sandare ya kasa ko gyara kwanciya. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Mu muna can muna lissafin rawar hannu.

Sabon maganin ma da nasa halin. Da ya haɗiye shi da kamar rabin awa sai zuciyarsa ta hau tashi, wani lokaci ya amayar. Daga baya na fahimci dalili. Aikin kabidofa shi ne ta tsare lebodofa kada ta rikiɗe ta zama dofamin tun a jini kafin ta isa ƙwaƙwalwa, domin in ta rikiɗe a hanya, tashin zuciya take kawowa. Jiki yana bukatar kabidofa wajen miligiram 70 zuwa sama a yini kafin tsaron ya yi ƙarfi. Ƙwayar da aka fi samu a kantunanmu kuwa mai lamba 250 da 25 ce. In ka raba ta biyu ka sha sau uku, abin da ka samu na kabidofa bai kai 40 ba. Akwai mai 100 da 25, wadda ta fi dacewa da mai farawa, amma samunta a wajenmu sai an sha yawo.

A nan na tafka tawa wautar. Na shiga kemis na sayi maganin amai da kowa ya sani, metokulofiramaid, na ce a riƙa ba shi kafin ƙwayarsa. Amai ya tsaya. Kwana biyu sai Baba ya koma kamar itace, wuya ya ƙage, miyau na dalala, ko cokali ya kasa kai wa baki. Da na kira likita na karanta masa sunan, bai yi faɗa ba, cewa ya yi, "Malam, da hannu ɗaya kana ba shi, da ɗayan kana ƙwacewa." Wannan maganin aman yana toshe ƙofofin da dofamin ke shiga ne a ƙwaƙwalwa. Haka ma wasu magungunan jiri da na masu taɓin hankali. Ya canza mana da domferidon na ɗan lokaci, ya ce a haɗa ƙwayar da ɗan busasshen burodi. Bayan wata guda cikin ya saba. Abin da bai tafi ba shi ne jiri in ya miƙe da sauri, saboda maganin da ciwon duka suna saukar da jini. Ya koyi zama a bakin gado ya yi salati kaɗan kafin ya tashi, kuma in ya ɗago daga sujada ya ji duniya na juyawa sai ya ƙarasa a zaune.

Sauran 2019 lafiya lau. Ya koma kasuwa, ba awo ba dai, zama a rumfa yana sa ido a kan yaran. Yaya ya karanta a intanet wai maganin shekara biyar kawai yake aiki, don haka gara a riƙa tsimi da shi kada ya ƙare da wuri. Likita ya ce wannan tsohon tsoro ne. Ya ba mu labarin binciken da Roberto Cilia da abokan aikinsa suka wallafa a 2014, inda suka kwatanta marasa lafiya a Gana, waɗanda kan daɗe da ciwon kafin su samu magani, da na Italiya da ke farawa da wuri. Suka tarar matsalolin da ke biyo baya sun fi bin daɗewar ciwon da yawan abin da ake sha a yini, ba daɗewar da aka yi ana shan maganin ba. Jinkirtawa ba ta ajiye maka komai, shekarun da za ka mora kawai take cinyewa.

Ba mu muka yanke masa magani ba, korona ce ta yanke. A tsakiyar Afrilun 2020 aka kulle Kano, ana jajibirin azumi, mu kuma a Kano muke saye. Kati ɗaya ya rage. Muka bi kantunan da ke kusa, babu. Kwana shida ya yi ba ƙwaya. A rana ta huɗu jiki ya yi zafi rau, gumi na karyo masa, gaɓoɓi sun sandare, ruwa ma sai da cokali, yana sarƙewa. Mun ɗauka cutar da ake gudu ce ta shigo gida. Wani direban motar kayan abinci, da yake su an bar su suna wucewa, shi Yaya ya damƙa wa maganin ya kawo mana. Likita ta waya ya ce dakatar da lebodofa farat ɗaya na iya kisa, da zazzaɓi da sandarewa irin wannan. Allah ya yi da sauran kwana. Tun daga nan ba mu ƙara bari abin da ke gida ya gaza na wata guda ba, ko da za a sayar da akuya.

A 2021 muka shiga wani sabon karatu. Da can ƙwayar safe kan kai shi har ta rana ba tare da ya ji giɓi ba. Yanzu sai ta sake shi tun da hantsi. Kana zaune da shi yana hira, sai ka ga fuskar ta daskare, murya ta shige ciki, in ya tashi zai fita sai ƙafafu su manne a bakin zaure kamar an kafe su. Shi da kansa ya raɗa wa abin suna: "An ɗauke wuta." In maganin ya kama kuma ya ce, "An kawo." Lebodofa ba ta daɗewa a jini, cikin kamar awa ɗaya da rabi rabinta ya tafi. A farkon ciwo ragowar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kan adana ta su riƙa saki a hankali, kamar rumbu. Da suka ƙara raguwa sai rumbun ya rushe, abin da aka auno a yanzu shi za a ci a yanzu. Inna ta gano wata dabara ta bakin zaure: ta kan ajiye karan dawa a ƙasa ta ce, "Malam, tsallaka." Da ya ga abin tsallakawa sai ƙafa ta ɗagu.

Ita ce kuma ta kama fura. Ta ce ta lura duk ranar da ya sha fura da nono da rana, ƙwayar azahar ba ta tashi, ranar da ya sha kunun tsamiya kuwa tana tashi. Na yi dariya a raina, na ɗauka camfi ne. Da muka koma asibiti ta sa ni dole na faɗa. Likita ya ajiye biro ya ce, "Mama ta fi ku karatu." Lebodofa a ƙaramin hanji take shiga jini, kuma ƙofa ɗaya take bi da sinadaran gina jiki da ke cikin nono, nama, ƙwai da wake, a hanji da kuma mashigar ƙwaƙwalwa. In sun yi cunkoso sai ta rasa hanya. Ba a hana shi cin su ba, an dai ce ƙwaya ta riga abinci da rabin awa, ko ta biyo bayansa da awa guda, a kuma tura nono da nama zuwa dare. Ga mutumin da ya tashi a kan fura tun yana yaro, wannan hukuncin ya fi masa allura ciwo.

Aka kuma mayar da shan daga sau uku zuwa sau biyar, kaɗan-kaɗan. Inna ba ta karanta agogo, sai ta ɗaura shi a kan salla. Amma tsakanin asuba da azahar tafiya ce mai nisa, dole aka sa ɗaya da walaha, magariba da lisha kuma da suke maƙwabta aka haɗe su. Ta ce, "Ashe maganin ma yana da nafila."

Azumin 2022 ya faɗo a Afrilu, tsakiyar zafi. Shekara biyu kafin nan rashin lafiya ta sa bai yi ba, a bana ya ce sai ya yi. Muka yi magiya, ya ce tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake azumi, ba ƙwaya ce za ta raba shi da shi ba. Sai ya tsara abinsa: ya tattara na yini ya kasa biyu, rabi da sahur, rabi da shan ruwa. A ido lissafin daidai ne, ba a rage ko ɗaya ba. Amma bayan sahur da awa guda sai jikinsa ya hau murɗe-murɗe, kafaɗa na rangaji, ƙafa na shure-shure a kan tabarma, kafin hantsi ya dubi ludayi kuma wuta ta ɗauke, ya wuni kwance kamar gungume, ga ƙishirwa. Da magariba ya haɗa ƙwaya da ƙosai, ta ƙi tashi sai can dare. A rana ta huɗu ya miƙe zai yi alwala, jiri ya kwashe shi ya faɗi a bakin rijiya, goshi ya fashe.

Limamin unguwa, abokinsa tun na makarantar allo, shi ya zo ya zauna da shi. Bai yi masa doguwar fatawa ba. Ya ce, "Malam, kai da ciwonka ba mai tafiya ba ne, ciyarwa ce taka, mudu guda kowace rana. Kuma duk garin nan wa ya fi ka sanin mudu?" Baba ya yi shiru, hawaye na bin fuskar da ba ta motsi. Washegari ya koma shan maganinsa a kan lokaci. Kullum bayan la'asar, in an kawo wuta, sai ya sa a jawo masa buhun gero, ya auna da hannunsa, ya yi masa tsororo, ya aiki jikansa gidan da za a kai. Yana zuba kaɗan a ƙasa, kaji na tsincewa.

Murɗe-murɗen nan da muka fara gani da azumi, zuwa ƙarshen shekarar ya zama na kullum. Ba irin rawar hannun farko ba ce. Wannan kai ne ke lilo, kafaɗa na juyawa, baki na motsi kamar mai tauna, ƙafa na rawa ita kaɗai, kuma yana zuwa ne daidai lokacin da maganin ya kai ƙololuwa. A masallaci yara na leƙe. Wata mata ta ce wa Inna a gidan suna wai iskoki ne, a kai shi wurin masu ruƙiyya. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Mahaifina, mai kamun kai, wanda ko dariya ba ya yi da ƙarfi a gaban mutane, a ce yana rangaji a sahu. Muka yi shawara da Yaya ta waya, ba mu gaya wa likita ba, ba mu gaya wa Inna ba. Ni ke yanka ƙwayoyin mako da reza duk ranar Juma'a in zuba a gwangwani. Sai na riƙa karkata rezar, rabi ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku.

Rangaji ya tsaya cak. Na zo Juma'a ta gaba na same shi a zaune a dakali, shiru, tsaf, hannuwa a cinya, na ce a raina alhamdu lillahi, ga Baba ya dawo. Na gaishe shi. Ya daɗe kafin ya iya ɗago ido. Ya yi magana ban ji ba, sai da na kai kunne bakinsa.

"An tauye mini mudu."

Na ce, "Baba, wane mudu?"

"Na sani. A harshe nake jin girmanta." Ya huta. "Kai ne?"

Ban iya ƙarya ba. Na ce don mutane ne, don kada a riƙa kallonsa. Ya ce, kalma ɗaya-ɗaya, yana hutawa a tsakani, kwana biyar ke nan bai je masallaci ba don ba ya iya tashi. Ya ce rangajin ba ya masa ciwo, sau da yawa ma bai san yana yi ba sai ya ga idon mutane. Amma in wuta ta ɗauke, ji yake kamar an binne shi a yashi har wuya, yana ji yana gani, ƙuda ya sauka a fuskarsa ya kasa kora. Ya ce, "Ku kuna so ku gan ni a zaune. Ni ina so in tashi."

A zuwanmu na gaba na faɗa wa likita abin da na yi, a gaban Baba. Ya ce ba ni ne farau ba, 'yan uwa sun fi damuwa da murɗe-murɗe, masu ciwon kuwa galibi sun gwammace shi a kan sandarewa. Ya ce a wannan matakin tazarar da ke tsakanin abin da ya yi kaɗan da abin da ya yi yawa ta ƙuntata ƙwarai, sai dai a yi ta lalube. Ya juya ya tambayi Baba, ba ni ba, wanne ya fi so. Baba ya ce, "A bar ni da rawata." Aka ɗan rage kowane sha aka matso da su kusa da juna, aka ƙara amantadin don ya kwantar da rangajin. Ya kwantar ɗin, sai dai ƙafafu suka kumbura, baƙin nan na kan buhuna kuma suka dawo, wannan karon yara ne ƙanana da ke shigowa ɗaki da magariba. Ba sa ba shi tsoro, har ya kan ce wa Inna ta rage musu tuwo. Da suka fara hana shi barci aka janye amantadin a hankali, yaran suka ragu, rawar ta dawo abinta.

Daga 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafin man fetur, daga baya kuma aka saki naira, sai tauye mudu ya tashi daga hannuna ya koma hannun kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024, maganin kuwa daga waje yake zuwa. Kuɗin mota zuwa Kano ya zama wani ciwon. Dama tun kafin nan, binciken da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ta jagoranta a kantunan magani na faɗin ƙasar nan ya nuna cewa lebodofa kan yi ƙaranci, musamman a kantunan asibitocin gwamnati, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. A layin asibiti muka saba da wani dattijo daga Gwiwa da ya koma shan ƙwaya ɗaya a yini, yana ajiye ta sai lokacin da zai fita gona. Wani daga Roni ya koma wa Exol don ita aljihunsa ke iyawa. Mu albashina da cinikin Yaya da awakin Inna suka riƙe mu. Kowane wata kuma kalar kwalin daban, na wannan kamfani yau, na wancan gobe, Baba ya ce wani na kama shi da wuri, wani sai ya yi ta jira.

A layin nan na fara jin zancen ƙarara, wannan waken jeji mai ƙaiƙayi da muke gudu muna yara. Gaskiya ne akwai lebodofa a cikin 'ya'yanta, kuma masu bincike sun gwada garinta a kan marasa lafiya don ƙasashen da magani ke wuya. Na kawo wa Baba zancen. Tambaya ɗaya ya yi: da me ake auna ta? Na ce ƙarfinta ya danganta da iri da yadda aka sarrafa ta. Ya ce shi ba ya sayen abin da ba shi da mudu.

Bayan ƙaramar sallar 2024 aka sa ɗaurin auren autarmu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe a ƙofar gida. Baba ya ce shi zai ba da ita da bakinsa, ba wakili. Muka zauna da Inna muka yi lissafi kamar masu shirin yaƙi. Ƙwayar walaha ta koma goma da kwata, don ta kama kafin sha ɗaya. Karin kumallo kunu zalla, ba ƙosai, ba nono. Likita ya taɓa ba mu izinin kwata guda na ko-ta-kwana, na naɗe shi a takarda na sa a aljihun gaba.

Sha ɗaya saura ya fito da kansa cikin babbar riga, kafaɗa na ɗan rangaji, yana amsa gaisuwa da murya. Sai dangin ango suka makara, motarsu ta lalace a hanyar Roni. Sha ɗaya da rabi. Sha biyu. Ina zaune a gefensa ina kallon wutar na ja da baya: rangajin ya lafa, ƙiftawar ido ta ragu, hannun dama ya ɗauko jan carbinsa. Sha biyu da rabi ya daina amsa gaisuwa. Kawu ya sunkuyo ya ce ko dai a ba shi wakilcin. Baba bai iya girgiza kai ba, idonsa kawai ya juyo wajen aljihuna. Na murƙushe kwatan a murfin kwalba, na jiƙa da ruwa, na ba shi a bayan hannun rigata.

Ɗaya saura kwata suka iso suna ba da haƙuri. Liman ya ga halin da ake ciki, sai ya ja huɗubar, ya kawo addu'a a kan addu'a, yana satar kallon abokinsa. Can na ga yatsun ƙafar Baba sun fara motsi a kan darduma. Wakilin ango ya nema sau ɗaya. Wurin ya yi tsit. Baba ya gyara zama da kansa, ya ce, "Na ba shi," a hankali, amma sahu biyu sun ji. Aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗauka.

Ana rabon goro da alawa ya jawo hannun rigata. Na sunkuya, a zatona zai ce a kai shi ciki.

"Je ka gaya wa innarku," in ji shi, "yanzu a dama mini furar. Da nono. A cika kwanon."